Ƙanwar Juma'a

Ƙanshin makuba ne ya fara iso ni, tun ban buɗe ido ba. Wanda bai tashi a gidan ƙasa ba ba zai san shi ba. Wani ƙanshi ne mai ɗaci-ɗaci, na ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yaɓe bango da ruwansa, kuma komai daɗewarsa idan ruwan sama ya ratsa shi sai ya farka kamar jiya aka shafa. An kwana ana ruwa irin na marka, wanda ba ya tsawa ba ya iska, zuba kawai yake yi. Da gari ya waye na ji muryar Innata daga bayan gida tana salati, sai na ja mayafi na bi ƙanshin. Yaɓen bangon tsohon ɗakin ajiya ne ya saki daga ciki, ya zubo ƙasa gaba ɗaya kamar an tuɓe wa mutum riga, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito fili.

Kun sha tambayata, ku da 'ya'yanku, abin da ya sa ban taɓa kwana a gidan benen kakanku ba, ko a kwanakin zaman makokinsa. Na sha ba ku amsar da ba amsa ba ce. Yanzu idona ya fara gajiya da karatu, waɗanda maganar za ta ɓata wa rai kuma duk sun riga ni tafiya. To ga yadda abin ya kasance.

A lokacin ban cika shekara ashirin ba. Na dawo hutu ne daga makarantar horon malamai mata, 'yan shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Ni yarinya ce mai yawan shiru, wadda za a aika ɗebo ruwa a same ta a bakin rijiya tana kallon gajimare, guga a hannu. Gidanmu kuwa gidan arziki ne, ba na ɓoyewa. Kakanmu Madugu Isa ya tara dukiya da fataucin goro, daga baya da zinariyar da ake haƙowa a ramukan da ke kewayen gari. Mahaifina, Alhaji Ɗan'asabe, shi kaɗai aka sani ɗansa, shi ya riƙe komai bayansa, ya ƙara da katako. Masu zartonsa suna cikin daji rani da damina suna kayar da maɗaci da kawo, motocinsa suna kaiwa Kaduna da Funtuwa. A shekarar nan ne ya fara ginin bene na siminti a bakin titi. Ina so ku san ina ƙaunarsa. Shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu lokacin da dangi ke cewa ya isa haka. Duk tafiyar da ya yi sai ya riƙo mini fensir mai launi ko takardar zane, ya miƙo mini a ɓoye kamar mun haɗa baki a kan wata ɓarna.

Babbar gidan ita ce Hajiya Babba, matar Madugu, wadda muka tashi muka sani ita ce kakarmu. Doguwa ce, hannu cike da warwaron azurfa, murya kamar ta mai shela. Sai kuma Nagode. Haka muke kiranta, gatsau, babu Baba babu Gwaggo, duk da furfurar da ta rufe mata kai. Bagwariya ce. An ce tun zamanin Madugu take gidan, ba wanda ya taɓa gaya mana daga ina ta zo, mu ma ba mu taɓa tambaya ba, kamar yadda ba mu tambayi inda rijiyar gidan ta fito ba. Ɗakinta yana can ƙurya, kusa da inda take gasa tukwane. Duk randa da tulu da kaskon da ke gidanmu hannunta ne. Ba ta ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa take ɗorawa irin na mutanensu, har kafaɗar dama ta yi kanta ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta. Hausarta kuwa ita ce abin dariyarmu, don takan ce wa mace kai, ta ce wa namiji ke. A gidanmu, a garin da sunansa Birnin Gwari, idan yaro ya yi maganar banza sai a ce ya daina mana gwaranci. A gabanta ake faɗa, tana tsugune tana wanke-wanke.

Babban wasanmu da ita shi ne na ranaku. Nagode ta san sunan kowace rana ban da guda. Duk Juma'a da hantsi sai mu kewaye ta, ni da ƙannena.

"Nagode, gobe wace rana?"

"Gobe? Ƙanwar Juma'a."

"A'a, faɗi sunanta!"

"Yayar Lahadi ke nan. Ku tashi mini daga kan yumɓu, 'yan banza, kafin in gina ku cikin randa in toshe bakin."

Mu yi ta birgima don dariya. Mun ɗauka harshenta ne ya kasa juya kalmar Asabar. Har alewa muka taɓa yi mata alkawari idan ta faɗa, ta ce haƙoranta sun ƙare, mu sha abinmu.

Abin da na gani a bangon nan ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na yi yawo daga baya, na shiga gidajen adana kayan tarihi. Ba irin zanen dagi da ake yi a ƙofar zaure ba ne. Yumɓu aka ɗora a jikin bango aka tayar da siffofi, tun daga ƙasa har inda hannun mace zai iya kaiwa. Daga hagu daji ne, itatuwa a cunkushe, kowanne da irin ganyensa, har mutum na iya cewa ga kirya, ga ɗorawa, ga giginya. Akwai duwatsu, akwai rafi, akwai wasu 'yan bukkoki da rufinsu ya faɗa ciki. Daga dama babban gida ne mai zankwaye da ƙofar zaure, na gane shi nan take, gidanmu ne. A tsakani kuwa mace ce ita kaɗai tana tafe, yatsun ƙafarta suna fuskantar ƙofar, ƙunshin kaya a kafaɗarta, jariri goye a bayanta. Ba a yi mata fuska ba. Jaririn aka yi wa fuska, da ido da baki da ɗan kunne, kumatunsa sumul suna ƙyalli kamar an daɗe ana shafa su da babban yatsa.

Inna ta dafe ƙirji. "A'uzu billahi! Gumaka a cikin gida, mu muna ta sallarmu?"

Aka kira Hajiya Babba. Ta zo tana dogara sanda, ta tsaya a bakin ƙofa tana duban bangon. Can ta tofar da tuƙar goro.

"Aikin wani magini ne da Madugu ya ɗauko daga Zariya. Mashayi ne, shi ya sa aka rufe. A nemo mai yaɓe."

Na ce, "Hajiya, maginin Zariya zai yi mace da kaya a kafaɗa?"

"Ke an sa ki boko ne don ki dawo ki yi mini alƙalanci? Wuce ki ba ni wuri, mai idon mujiya."

Amma ba a yaɓe a marka, ko an yi ba ya kamawa, kuma Baba yana Kaduna. Don haka bangon ya zauna a buɗe, ni kuma na tare a ɗakin. Da an gama karin kumallo sai in shige tsakanin buhunan dawa da tsofaffin sirada na Madugu, in zauna ina kallo har hasken ƙofa ya juya. Ina jin ruwa yana ɗiga daga indararo, ina bin dajin nan da ido itace bayan itace, har in ji kamar in na miƙa hannu zan ji sanyin rafin. Na san dajinmu daga nesa kawai, baƙin layi a ƙarshen gonaki inda motocin Baba ke shiga wayam su fito da kaya. Ban taɓa tunanin wani ya san shi haka ba, sanin da ake yi wa fuskar uwa. A nan ne na lura da gefen zanen. An kewaye shi da wani ado mai ƙananan ramuka a jere, irin wanda ake samu idan an mirgina totuwar masara a kan ɗanyen yumɓu, aka kuma karya layin da ɗan dannin yatsa nan da can. Na tashi na je na duba randar da muke shan ruwa. Adon nan ne a wuyanta. Na duba tulu, na duba kaskon turare na ɗakin Inna. Shi ne dai.

Na sami Nagode a ƙarƙashin rumfarta tana gina randa. Ba ta zama ta juya tukunya. Tukunyar ce ke zaune, ita take kewaya ta da baya da baya, a sunkuye, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, kamar mai rarrashin wani abu ya miƙe.

"Nagode, wa ya yi bangon nan?"

"Wane bango? Bango ya yi kaɗan a gidan nan?"

"Na ɗakin ajiya."

"Ai Hajiya ya gaya maka. Mutumin Zariya."

"Mutumin Zariya da totuwar masararki?"

Ba ta daina kewayawa ba. "Kai 'yar boko, idonka ya yi yawa, shi ya sa ba ka ƙiba."

"Jaririn na wane ne?"

"Na yumɓu ne. Ba ya kuka, ba ya cin tuwo. Miƙo mini ruwan nan."

Ina miƙa mata ƙwaryar sai na ji Inna tana kirana daga madafa. "Ke! Ke 'yar nan! Zo ki duba mini wuta." Ku yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da sunansu, har da ƙari na shagwaɓa. A zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce, ko wani mai sunan ta haɗu da shi sai ta kewaye. Ni ce 'yar farin Inna, har ta koma ga Allah ban taɓa jin Maryama a bakinta ba. Kafin in amsa mata, sai ga muryar Hajiya Babba daga ƙofar ɗakinta, ta cika tsakar gida kamar kullum.

"Wai Ɗan'asabe bai dawo ba har yau? Ɗan'asabe da yawo kamar ba shi da gida!"

Na ji wannan kiran tun ina rarrafe, ban taɓa sa masa kunne ba sai ranar. Matar da aka ce shi ne ɗanta na fari, shi ne ma ɗanta tilo, tana jefa sunansa kamar tana kiran kaji. Ga kuma tsohuwar da muke yi wa dariya, wadda ko ranar da aka ciro sunan daga cikinta ba ta iya furtawa. Ƙwaryar ta karkace a hannuna, ruwa ya zuba a kan ƙafarta. Ta ɗago ta dube ni. A fuskata ta ga na gane.

Ta yi ƙasa da murya. "In kana sona, ka haɗiye."

Na yi niyyar haɗiyewa, Allah shi ne shaida. Amma maganar bangon ta riga ta fita gari ta bakin masu kawo itace da masu talla. Da na kasa daurewa na ɗan taɓa zancen a gaban Inna, muna tsince shinkafa, sai ta saki faifan ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Rufe bakinki. Kin ga goyon nan a bayanta yake tun kafin ta kai ƙofa, ko ba ki gani ba? In aka ce Alhaji ba jinin Madugu ba ne, gidan nan da gonaki da komai na su Haruna ne. Kina so ki ga ƙannenki a titi?"

Baffa Haruna ɗan ƙanin Madugu ne. Yana da 'yar rumfar hatsi a kasuwa, ya tsufa yana kallon motocin Baba suna wuce shi suna watsa masa taɓo. A ranar na gane Inna ma ta daɗe tana zargin haka, ta kuma daɗe da haɗiyewa. Na gane abin da ke kan faifai, rufin da muke kwana a ƙarƙashinsa ne.

Baba ya dawo wata safiya da ruwa ya ɗan tsagaita. Ya gaisa da Hajiya a durƙushe, suka yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ya nufi ɗakin ajiya shi kaɗai, yana tattare farar rigarsa kada ta taɓa caɓi. Bai daɗe ba ya fito. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya aika a kira leburori daga wurin ginin bene, su zo da diga. Kafin su iso sai ga Baffa Haruna ya yi sallama ya shigo har tsakar gida, da tsohuwar laimarsa a hammata.

"Alhaji, barka da hanya. Ashe har za a rushe ba mu gani ba? An ce tarihin gidanmu ne a jiki."

"Shirmen mashayi ne, Haruna. Ba abin kallo."

Ni ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni ba. Na dai ga kaina tsaye a bakin ƙofar ɗakin, hannu ɗaya a kowane gefe. Ba tonon asiri ne ya kai ni ba. Dajin nan ne, da rafin, da kumatun nan masu ƙyalli. Na kasa yarda a sa musu diga.

"Baba, kada a rushe. A rufe kawai, kamar yadda Madugu ya rufe."

"Matsa, Maryama."

"Don Allah, Baba. Babu irinsa a ƙasar nan. Kai ka koya mini son zane."

"Na ce ki matsa."

"Hannun Kaka ne fa."

Ya ɗan yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro. "Hajiya ba ta taɓa riƙe yumɓu ba."

"Ba Hajiya nake nufi ba."

Inna ta sa gefen zane ta rufe baki. Baba ya dube ni tun daga kai har ƙafa, kamar yau ya fara ganina, ya yi magana a hankali.

"Wannan gwarancin a makaranta aka koya miki?"

Baffa Haruna ya yi 'yar dariya, ya dogara laimarsa a ƙasa. "To ai abin da sauƙi. A kira ta mana. Tana da baki."

Ba wanda ya aika, ba wanda ya hana. Ita da kanta ta fito daga bayan rumfa, hannuwanta duk yumɓu har gwiwa, ta tsuguna daga nesa kamar yadda ta saba.

"Nagode," in ji Baffa, "yarinya ta ce wai ke kika haifi Alhaji."

"Yarinya yana mafarki da rana. Ni ban taɓa haihuwa ba."

"Madalla. In haka ne, kira sunansa mu ji."

Wannan ɗan lokacin shi ne abin da na fi tunawa a duk rayuwata. Ba ita nake kallo ba, shi nake kallo. Mai gida ne, gidansa ne, kalma ɗaya ta ishe shi. Ya ce a ƙyale tsohuwa, ko ya ce Haruna fita mini daga gida, ko ya yi tsawa kawai a watse. Na tsaya ina jiran kalmar nan kamar mai jiran a ɗaga masa dutse daga ƙirji. Baba ya sunkuyar da kai yana duban agogon hannunsa.

Nagode ta goge hannuwanta a zane, a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta miƙe tsaye, abin da ba ta yi a gabansa. Ta dubi fuskarsa kai tsaye.

"Ɗan'asabe."

Tsaf ta faɗa, babu gargada, babu karkacewar harshe ko ɗaya, kamar kalmar da aka daɗe ana wankewa ana ajiyewa.

"Ɗan'asabe, ɗan Madugu Isa, ɗan Hajiya. Ran Asabar aka haife shi a ɗakin can. Kun ji? To in koma, yumɓuna yana bushewa."

Ta juya ta tafi. Baffa Haruna bai ƙara dariya ba, ya ɗauki laimarsa ya fita ko sallama babu. Inna ta zo ta ɓamɓare hannuna daga jikin ƙofa. Kafin azahar bangon ya zama tudun jar ƙasa. Da yake Baba ba ya son asara, ya ce a kwashe ƙasar a kai wurin gini, ana neman abin cike gindin bene. A kan idona aka loda ta a kwanduna. Dajin nan da rafin da matar da goyonta suna nan ƙarƙashin simintin falon da kuka yi wasa a kai. Shi ya sa ban taɓa iya shimfiɗa haƙarƙarina a gidan ba.

Bayan 'yan kwanaki aka ce Nagode ta tsufa, aiki ya yi mata yawa, za a kai ta gonarmu ta Kuyello ta huta. Randar da take ginawa ba a gasa ta ba, tana nan ƙarƙashin rumfa har ruwa ya narkar da ita. Ranar tafiya na bi ta har zaure. Ta ɗora ƙunshinta a kafaɗa, ɗan ƙarami, bai kai na mai zuwa unguwa ba. Na ce ta kawo in riƙe mata, ta ƙi. Na kira ta Kaka, ƙasa-ƙasa, yadda ba mai ji. Ba ta waiwayo ba.

"Abu ɗaya nake da shi nasa a gidan nan," ta ce. "Shi ma an karɓa."

Aka ɗaga ta aka sa a bayan mota tare da buhunan gishiri. Baba yana wurin gini.

Dangi sun ce laifina ne, Inna ma ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Na juya maganar shekara da shekaru, ban karɓa ba, kuma har yau ban karɓa ba. Ni yarinya ce da ta ga abu mai kyau ta ce kada a fasa. Akwai babba a tsakar gidan nan, mai gemu, mai iko, wanda aka goya daga cikin daji har ƙofar arziki, shi ne ya duba agogo.

Ba ta kai wata daminar ba. Da bazara direban da ke ɗauko masara ya kawo labarin, a tsakanin lissafin buhuna da ƙorafin taya. Baba ya aika da farin yadi da turare. Bai je ba, ya ce hanya ba kyau, alhali a bazara hanyar Kuyello ta fi kowane lokaci bushewa. Ni ma ban je ba, ina makaranta, sai da na dawo na ji. Daga nan na daina zane. Ba rantsuwa na yi ba, hannun ne kawai ya ƙi. Fensiran da ya ci gaba da kawo mini na riƙa raba wa ɗalibaina.

Duk da haka ban yanke shi ba. Na gama karatu, na yi aure, na haife ku, ina zuwa gaishe shi in durƙusa, ya sa mini albarka, in tashi kafin magariba. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Abin da ya riƙe ni shi ne uzurin da na gina masa da kaina, na yi ta yaɓe shi duk shekara don kada ya zube. Nakan ce don mu ya yi. Ya zaɓi tsakanin uwarsa da rufin kan 'ya'yansa, kuma wa ya san abin da ni zan zaɓa? Nakan ce ita ma abin da ta zaɓa ke nan, shi ya sa ta faɗi sunan. Da wannan uzurin na yi jinyarsa, da shi na yi masa kuka ranar da aka fita da shi.

Na riga na yi jikoki lokacin da aka ce mini Baffa Haruna yana kwance, ya makance, yana tambayar dangi. Na je da hantsi, na same shi a zaure a kan tabarma, ya zama kamar ƙullin tsumma. Da na faɗi sunana sai ya ce, "Mai tare ƙofa." Shi ya ɗauko zancen, ban tambaye shi ba. Ya ce a wata shekarar yunwa ce Nagode ta fito daga daji, mijinta ya mutu, ƙauyensu ya watse, ta zo ƙofar Madugu tana neman abin da za ta ci don nono ya zo. Madugu ba shi da ɗa, Hajiya ba ta haihuwa. Aka karɓi yaron aka yanka masa rago, aka bar ta a matsayin mai shayarwa, a ɗakin nan da ya zama na ajiya.

Na ce, "Baffa, ai ka kusa raba mu da gida ranar nan. Da ta ƙi faɗa, da gadon ya dawo hannunku."

Ya juyo da makafin idanunsa wajena. "Wane gado?"

"Na Madugu."

"Ke dai har yanzu yarinya ce. Madugu ba wawa ba ne. Tun da ransa da lafiyarsa ya tara mu, ya kira alƙali da shaidu, ya mallaka wa Ɗan'asabe komai kyauta, har akuyar bayan gida. Ranar da ya mutu babu abin rabo. Ko duk garin nan ya taru ya rantse ba ɗansa ba ne, ba mai iya karɓar ko tsintsiya."

"Baba ya san da haka?"

"Shi ya durƙusa ya karɓa, da gemunsa. Ina zaune a wurin. A ranar ma Madugu ya nuna masa ita ya ce, ga wadda ta kawo ka, ka riƙe ta da kyau."

"To me ya kai ka gidanmu?"

"Haushi. Na je in ga ko zai ce a ƙyale masa uwa. Wallahi da ya faɗa, da na kama bakina har kabari."

Na yi masa sallama na fito. Rana ta take, mutane suna ta harkarsu, ga benen can a bakin titi an sake masa fenti. Babu rufin da zai yaye, babu gonar da za ta tafi, babu ɗayanmu da zai kwana da yunwa. A safiyar nan mahaifina ba shi da abin da zai rasa ko na tsinke. Bai so dai a ce uwarsa Bagwariya ce ba.